Darajar Jikin Ɗan Adam a Wurin Mabiya Ɗariƙar Katolika

Sharhinmu na yau ya shafi jiki, wato matsayin da mabiya ɗariƙar Katolika suka ba shi a aƙidarsu.

A wurinsu jiki abu ne mai alfarma, domin sun yi imani cewa Allah ne ya halicce shi, cewa Yesu Almasihu ya zo duniya a cikinsa, cewa kuma ranar ƙiyama za a tashe shi tare da rai. Saboda wannan ne suke shafa wa jariri mai ranar baftisma, suke kuma turara gawa da lubban kafin a kai ta makwanci.

To, daga nan hukuncin kamewa daga zina ya samo asali. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya shafe shekaru, daga 1979 zuwa 1984, yana wa'azi ranakun Laraba a kan wannan mas'ala. Ya karantar da cewa saduwar miji da mata alkawari ne da jiki yake furtawa, na miƙa kai ɗungurungum har mutuwa, don haka wanda ya kusanci wadda bai aura ba ya sa jikinsa ya faɗi abin da zuciyarsa ba ta ƙulla ba. A ganina wannan hujja tana da nauyi ƙwarai, domin ta ɗora haramcin zina a kan gaskiya da riƙon amana, kuma ta hau kan namiji kamar yadda ta hau kan mace.