Ba kowane farin ruwa ne ciwon sanyi ba

Yau da 'yan uwana mata nake, musamman na Wurno, Rabah da Goronyo. Maza ma kar ku tsallake, ku ne masu zuwa kemis sayo maganin.

A ƙauyukanmu da zarar mace ta ga farin ruwa mai yauƙi, sai a ce sanyi ne, a haɗo mata kafso da jiƙe-jiƙe. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, sinadaran jikinta ne, waɗanda likitoci ke kira homon, suke aikinsu.

Lissafin yana farawa ne daga ranar farko da jini ya zo. A lokacin sinadaran istrojin da furojestaron duk sun yi ƙasa. Sai ƙwaƙwalwa ta turo wani mai suna FSH, ya sa ƙwai ya fara nuna. Yana nuna, istrojin na hauhawa, bangon mahaifa na ƙara kauri. To wannan istrojin ɗin shi ke kawo ruwan nan garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Idan ya kai ƙololuwa, sai wani sinadarin, LH, ya yi tashin gaggawa, kamar an buɗe ƙofofin dam ɗin Goronyo, cikin awa 24 zuwa 36 ƙwan ya fito.

Kin ga ke nan, ranakun da amarya ke kuka tana shan magani su ne ranakun da ta fi kusa da ɗaukar ciki. Ƙwan ba ya wuce awa 24, maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikinta.

Daga nan furojestaron ke karɓar ragama. Ruwan ya yi kauri ko ya ɗauke, jiki ya ɗan ƙara ɗumi, nono ya yi nauyi, wata ƙuraje su feso mata, wata abu kaɗan ya ɓata mata rai. Idan ciki bai shiga ba, bayan kamar mako 2 sinadaran su sauka, jini ya zo.

Maganar wai kowace mace ranar 14 ƙwanta ke fita, wannan lissafin mai kwana 28 ne. Ƙirga baya ake yi, kamar kwana 14 kafin jini na gaba. Mai kwana 35 nata sai wajen ranar 21. Tsakanin kwana 21 da 35 duk daidai ne, 'yan matan da suka fara al'ada kwanan nan ma nasu kan yi tsalle-tsalle.

Amma fa in akwai wari, ƙaiƙayi, zafin fitsari, ciwon mara mai tsanani, ko ruwan ya koma kore ko ɗorawa, ki je asibiti a gwada. Haka in jinin ya ɗauke wata 3 ba ciki ba goyo. Ki riƙa rubuta ranakunki a waya ko littafi, ki tafi da su, don abin da ma'aikaciyar lafiya za ta fara tambaya ke nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.