Na'urar GPS a Hannun Matafiyi



Duk wanda ya ratsa hamadar Tenere, daga Agadas zuwa Bilma, ya san yadda iska ke shafe sawun mota cikin dare ɗaya. A da, madugun ayarin gishiri da taurari yake gane hanya, da alamomi irin bishiyar nan tilo ta Tenere, wadda mota ta kayar a 1973. Yau direbobin hamada da masu hawan tsaunin Chappal Waddi a jihar Taraba na iya riƙe na'urar GPS da ba ta wuce tafin hannu ba.

Na'urar tana aiki ne da taurarin ɗan'adam na Amurka, aƙalla 24, da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Da zarar na'urar ta kama siginar huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda kake tsaye, ba tare da layin waya ko intanet ba. Tun shekarar 2000, da Amurka ta daina dagula siginar da gangan, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci.

Sai dai batir na mutuwa, kwazazzabai da kurmi mai duhu kuma suna tare sigina. Kafin ka tashi, ka adana wurin rijiya da inda ka bar mota a cikin na'urar, ka ɗauki ƙarin batir da taswira da kamfas, ka faɗa wa mutanen gida ranar dawowarka. Ka kuma nemi jagora ɗan yankin, domin shi ya san rijiyar da ta ƙafe bana.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.