Tumatir da Rake: Damuwa Ɗaya a Ikara, Makarfi da Kudan

Da zarar sanyi ya kankama, fadamun Ikara, Makarfi da Kudan sukan cika da jan tumatir, titi kuwa ya cika da motocin rake masu nufar Zariya da Kano. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan uku tana da nata wakili a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, amma kukan manomansu iri ɗaya ne.

A shekarar 1981 gwamnatin jiha ta kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara, don kada amfanin gona ya riƙa ruɓewa a kwando. Amma ta shafe shekaru a rufe. Manomi ya koma hannun dillalai, idan kaya sun yi yawa a kasuwa sai farashi ya faɗi warwas, wani lokaci ko kuɗin mota ba ya fita. A 2016 kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Haka abin yake ga mai rake. Daga Hunkuyi da ke Kudan zuwa Makarfi ana matse raken a yi mazarƙwaila, sauran a sayar ɗanye, da araha.

Lokaci ya yi da wakilan yankin uku za su haɗa murya a zauren majalisa a kan hanyoyin karkara, taki a kan kari, maganin ƙwari mai inganci, da masana'antar Ikara mai aiki kowace kaka.