Tsofaffin Tambayoyin Lissafi da Yadda Za Su Amfani Yaranmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku. Ba don na fi kowa sani ba, domin kuwa ga waɗanda suka koya mana riƙon alƙalami nan zaune. An nemi in yi magana a kan yadda za a shirya ƙannenmu da 'ya'yanmu na firamare su fuskanci lissafi a jarrabawar shiga sakandare, musamman ta hanyar amfani da tsofaffin tambayoyi. Wani zai ce me ya haɗa tsofaffin ɗaliban sakandare da 'yan aji shida? Amsar ita ce, daga firamarorin Kudan da Hunkuyi da Likoro da ƙauyukansu ne makarantarmu take samun ɗalibanta. Idan ruwa ya gurɓace daga tushe, na ƙasa ba zai sha mai kyau ba.

Kamar yadda muka sani, a 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowa da shirin UPE, a 1999 kuma aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, wanda dokarsa ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Amma kujerun makarantun da kowa ke rububi ba su taɓa isar kowa ba. Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kaduna, da ta 'yan mata da ke Zariya, da ta kimiyya da fasaha da ke Kafanchan, da makarantar soja ta Zariya, duka ta ƙofar jarrabawa aka saba shigarsu. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedikwata a Minna, ita ta gaji shirya jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, wadda muka sani da Kwaman Entirans. Gwamnati takan sauya sunan jarrabawa ko tsarinta, amma duk yadda aka juya, yaro zai tarar da tarawa da ɗebewa da sau da rabawa suna jiransa. Wanda ya bar aji shida ba su zauna masa ba, da wuya ya ga ƙofar ajin kimiyya, balle ya samu kiredit ɗin lissafi da jami'a ke nema.

To, yaya ake shirya yaran? Abin da aka fi yi shi ne, idan jarrabawa ta rage mako biyu ko uku, sai a sayo littafin tsofaffin tambayoyi. Malami ya karanta tambaya, ya faɗi harafin amsa, yara su amsa da murya ɗaya kamar ana biya karatu. Yaro ya haddace cewa amsar ta bakwai harafi na uku ce. Ranar jarrabawa aka sauya lamba ɗaya kacal, sai ya koma canki-canka. Iyaye kuma su ga ai an yi ƙoƙari, su ce rabo ne bai tsaga ba. Alhali kuwa an fafe gora ne ranar tafiya.

Jama'a, abin da nake so mu tafi gida da shi yau shi ne wannan: tsohuwar tambaya ma'auni ce. Mai kiwon sa yakan duba shi ne don ya san ko dusa da harawar da yake ba shi suna karɓarsa, amma yawan dubawa bai taɓa sa sa ƙiba ba. Aikin tambaya shi ne ta nuna wa malami daidai wurin da yaro ya gurɗe. Saboda haka amsar da yaro ya faɗi ta fi wadda ya ci amfani ga malami, matuƙar zai zauna ya bi sawunta. Bari in kawo misalai uku.

Na farko, a ce wa yaro ya ɗebe 278 daga 503. Amsa ita ce 225. Amma za a samu waɗanda za su rubuta 375. Wannan ba kuskuren ganganci ba ne. Yaron ya bi wata ƙa'ida ce da ya ƙirƙiro wa kansa, wato a kowane layi ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba: 3 daga 8, 0 daga 7, 2 daga 5. Bai gane aro ba, domin bai gane gidan ɗaya-ɗaya da na goma-goma da na ɗari-ɗari ba. Maganinsa ba tambayoyi ɗari ba ne. A ɗaura masa tsinke goma-goma, ko a ba shi takardun naira ɗari da na goma, ya ga yadda ake fasa babba a samu canji.

Na biyu, a tara 1/2 da 1/3. Da yawa za su ce 2/5, domin sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Malami ya tambaye su: kana da rabin rake, aka ƙara maka sulusi, yaya za a yi abin da ke hannunka ya gaza rabi? Ai 2/5 bai kai rabi ba. A samo kara mai gaɓa shida, rabinsa gaɓa uku, sulusinsa gaɓa biyu, an samu biyar cikin shida. Rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni ba baƙi ba ne a gidajenmu, da su malamanmu ke raba gado. Lissafin ma ba baƙonmu ba ne. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Na uku, ga tambaya irin ta zance. Ɗan kasuwa ya sayi damin rake 12, kowanne a kan N2,500, ya biya mota N4,000, ya sayar da su duka a kan N42,500. Kashi nawa cikin ɗari ya ci riba? Abin da ya kashe N34,000 ne, ribarsa N8,500, wato kashi 25. Yaron da ya ce kashi 20 ya iya rabawa sarai, matsalarsa ita ce ya auna riba da kuɗin sayarwa maimakon uwar kuɗi. Wanda ya samu kusan kashi 42 kuwa ya manta da kuɗin mota, wato bai karanta tambayar zuwa ƙarshe ba. Masu shirya jarrabawa sun san waɗannan kurakurai, da su suke gina amsoshin tarko da suke jerawa kusa da ta gaskiya. Ashe kowace amsa da yaro ya zaɓa tana ba da labarin abin da ke cikin kansa.

Wannan ya kawo ni ga batun harshe. Duk wanda ya san kasuwar Makarfi ko ta Hunkuyi ya ga yaro ɗan shekara goma yana sayar da rake ko mazarƙwaila, yana ba da canji babu kuskure. Amma a rubuta masa lissafin nan a takarda da Turanci, sai ya yi tsuru-tsuru. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A 1985 wasu masana sun wallafa binciken da suka yi a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil, suka tarar yaran suna warware lissafin ciniki da ka, amma idan aka ba su lambobin nan a rubuce irin na makaranta sai su faɗi. A nan gida kuma, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba. Darasin da za mu ɗauka shi ne, tun da da Turanci ake rubuta jarrabawa, dole yaro ya saba da kalmominta, amma babu laifi a fara warware masa ma'ana da Hausa. Kafin ya taɓa fensir, a sa shi ya faɗi da bakinsa abin da aka ba shi da abin da ake nema. Akwai kalmomin Turanci kaɗan da suke maimaituwa a kowace takarda, irin masu nufin jimla da bambanci da saura da riba da faɗuwa da kewaye da faɗin fili. A rubuta su a kwali da fassararsu, a liƙa a bangon aji.

Kada a fahimce ni da cewa ina kushe gwaji. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum yakan manta mafi yawan abin da ya haddace cikin kwanakin farko idan bai waiwaye shi ba. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatun riƙe shi bayan mako guda. Alarammominmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake tilawa. Abin nufi, tambayoyi goma kowane mako na wata uku sun fi tambayoyi ɗari da ashirin a dare ɗaya.

Saboda haka ina ba da shawarar a bi waɗannan matakai.

Na ɗaya, a fara aƙalla wata uku kafin jarrabawa da ɗan gwaji mai sauƙi, wanda ya haɗa har da lissafin aji uku da na huɗu, don a san inda kowa ya tsaya.

Na biyu, a kasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da ita, wadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu lambar yabo ta Nobel ta 2019, suka gwada suka ga tana aiki. Wanda bai iya aro ba, ba a kai shi ga kashi cikin ɗari.

Na uku, a tsinto tambayoyin bisa darasi. Makon nan na rabawa, mako mai zuwa na ma'aunin tsawo da nauyi, kowane mako kuma a cusa biyu ko uku daga darussan baya.

Na huɗu, a yage shafin amsoshi daga littafin yaro, ya zauna wurin malami. Kowane yaro ya nuna aikinsa a takarda, kuma ya kasance da ɗan littafin da yake rubuta tambayar da ya faɗi da dalilin faɗuwar.

Na biyar, sai a makonni ukun ƙarshe ne za a ba su cikakkiyar takarda da agogo. A nan ake koya musu cike gurbin amsa da fensir, da goge kuskure tsaf, da tsallake tambaya mai wuya a dawo mata daga baya. Yaro yakan san amsa amma ya cike layin da ba nata ba, na'urar da ke duba takarda kuwa ba ta san uzuri ba.

Ya ku 'yan'uwa, ina roƙon ƙungiya ta ɗauki wannan aiki. A cikinmu akwai malamai da akantoci da injiniyoyi da ma'aikatan lafiya. Kwamitin ilmi ya nemi izinin sashen ilmi na ƙaramar hukuma, ya zauna da hedimastocin firamare biyu ko uku don a fara da su. Malaman aji shida su ne masu aikin, mu masu tallafi ne, kada mu shiga musu kamar sufetoci. Game da lokaci, yammacin Alhamis zai fi dacewa, tun da yawancin makarantun allo da Islamiyya suna hutu ranar, babu uban da zai ce an raba ɗansa da karatun addini. A tuntuɓi iyaye tun da wuri saboda lokacin da aikin gona da na rake ke tasowa, kuma a tabbatar 'yan mata sun samu kujeru daidai da maza. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin buga takardu da fensir da alli da ɗan abin mota ga malamai ba. Sannan akwai kuɗin rajista, wanda shi kaɗai yakan hana yaro mai ƙwazo zama jarrabawa. Idan kowane aji da ya fita daga makarantarmu ya ɗauki nauyin yara biyar, za mu ga bambanci.

Abu na ƙarshe, kada son ganin sakamako ya kai mu ga taya yara satar amsa. Wanda aka ɗaga aka tsallakar da shi katanga a aji shida, zai tarar da wata katangar a aji uku na sakandare, da wata a aji shida, kuma ba kullum mai ɗaga shi zai kasance kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a gaskiya da lissafi duka.

Ga iyayenmu malamai, muna neman ku ci gaba da yi mana jagora a wannan aiki kamar yadda kuka saba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamanmu da abokan karatunmu, Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.