Amsoshin Wasiƙunku: Na Sa Babbar Kafireta, Mota Ta Koma Tari

Wasiƙarmu ta wannan mako daga wani mai sauraronmu ce a Zariya. Ya ce yana da Fijo 504, ya cire kafiretarta ta asali, wato Solex, ya ɗora Weber 32/36 don ta ƙara gudu. To amma tun daga ranar sai baƙin hayaƙi da shan mai, in ya taka totur ta yi tari, in ya tsaya ta mutu. Bakanikensa kuwa ya ce sai an sauke inji.

To malam, mun gode da wasiƙarka. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Ita 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna daga 1975 zuwa 2006, injinta mai haƙuri ne, kuma tunda ciwon ya fara ne ranar da aka canja kafireta, ai ba a cikin ciki yake ba.

Ka san aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur, kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai. In mai ya rinjayi iska, sai baƙin hayaƙi. In iska ta rinjaya, sai inji ya yi zafi yana harbi ta bakin kafireta.

Da farko a duba wuta, domin sau da yawa laifin wuta ne ake ɗora wa kafireta, kuma mai gyara kan taɓa waya ko taimin garin aiki. A duba kontak, da wayoyin filogi, da taimin. Sannan ka kwance filogi ka kalli bakinsu. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya.

Na biyu, matatar iska. Ƙurar hunturu kan toshe ta, inji ya kasa numfashi. A wanke ko a sake.

Na uku, fulot, wato abin da ke iyo cikin kwanon kafireta yana tsayar da mai in ya cika. In ya huje, ko datti ya hana allurarsa rufewa, mai zai yi ambaliya. Kuma Weber ba ta son famfo mai matsi da yawa; in ya fi ƙarfin allurar, haka za ta yi ta malala. A nan na fi zargin matsalarka take.

Na huɗu, gaskit ɗin da ke tsakanin sabuwar kafireta da inji. Ka bar mota a sulo, ka fesa ruwa kaɗan a gindinta. In muryar inji ta sauya, iska na satar hanya ke nan.

Na biyar, ka kashe mota, ka leƙa bakin kafireta, wani ya taka totur. Ya kamata ka ga mai ya yi tsartuwa. In babu, ƙaramin famfonta ya lalace, shi ne tarin nan. Kada ka kuskura ka leƙa inji na aiki, wuta kan yi tsalle ta lashe fuska.

Sai duk waɗannan sun yi daidai sannan a taɓa sukurun sulo da jet, inji kuma da zafinsa. Ka tuna, 32 da 36 faɗin maƙogwaronta biyu ne a milimita, na biyun ba ya buɗewa sai an taka sosai. In jet ɗin da ta zo da su na wani injin ne, dole a sake su.

Abu guda nake roƙonka: a gyara ɗaya, a gwada mota, sannan a taɓa na gaba. In an taɓa biyar lokaci guda, wa zai san wanda ya yi magani? Solex ɗinka kuma ka adana ta, kada ka sayar.

Ka sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare.