Kada Makaho Ya Faɗa wa Kowa Lambar Sirrinsa: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasa Masu Ƙera Manhajoji da Shafukan Intanet a Kano

 



Zan yi magana sannu a hankali, domin baiwar Allah da ke tsaye a gefena tana juya jawabin nan zuwa maganar hannu. Ina roƙon masu ɗaukar hoto kada su shiga tsakaninta da waɗanda ke kallon hannuwanta.

'Ya'yana, ina taya ku murna. Kun jure rashin wuta da tsadar data, wasunku da kwamfutar aro suka kai ga wannan rana. Allah Ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri. Takardar da za a miƙa muku tana shaida cewa kun iya gina manhaja da shafin intanet. Ni kuma na zo in tambaye ku: abin da za ku gina, wane ne zai iya shigarsa?

Wuraren da a da mutum ke takawa da ƙafarsa yau sun koma cikin waya. Banki yana waya, neman gurbin karatu da neman aiki suna waya, ciniki da gaisuwar 'yan'uwa duk suna waya. Kowa a nan yana tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wuya, har mai sayen kayan miya sai ya tura kuɗi ta waya. Duk mun sha wahala, amma wahalar wasu ta ninka tamu, kuma ba a cika ba da labarinsu ba.

Bari in bayyana wa iyayenmu yadda makaho yake amfani da wayar da fuskarta gilashi ce zalla, domin da yawa suna zaton ba zai yiwu ba. A cikin wayar akwai manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a na kamfanin Apple kuma VoiceOver, wadda ta shigo iPhone a 2009. Idan makaho ya ɗora yatsa a kan wani abu, muryar za ta faɗa masa ko mene ne. Idan ya ja yatsa dama, ta wuce zuwa na gaba. Idan ya ƙwanƙwasa sau biyu, abin ya buɗe. Waɗanda suka ƙware suna ƙara wa muryar sauri har mai ido ba ya iya tsintar kalma ɗaya, su kuwa suna karanta saƙo, su ba da amsa, su biya kuɗin makarantar 'ya'yansu. A kan kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, suka bar wa duniya kyauta. Ku lura da wannan: makafi ne suka rubuta ta.

To amma muryar nan ba ta san gaibu ba. Abin da magini ya rubuta shi take karantawa. Idan ɗayanku ya zana maɓallin tura kuɗi, ya sa masa hoton kibiya mai kyau, ya manta bai ba shi suna a cikin rubutun manhajar ba, abin da makaho zai ji kawai shi ne akwai maɓalli a nan. Na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Wanne ne na turawa, wanne ne na sokewa? Kuɗinsa ne, ba zai yi kasada da su ba. Sai ya miƙa wayar ga wani, yaron maƙwabta ko ɗan'uwa ko wanda ya tarar a layi, ya faɗa masa lambar sirrinsa. Haka abin yake idan mai POS ya miƙo masa na'urar da babu maɓallan da hannu ke lalubawa, sai gilashi sumul. Dole ya furta lambar da bakinsa a tsakiyar kasuwa. Haka kuma idan ya danna lambobin banki na tauraro da zane, kafin murya ta gama karanto masa zaɓi lokaci ya ƙare, an yanke shi, sai ya koma farko.

Wannan ne ya fi ci mini rai a duk lamarin. Magidanci mai iyali, wataƙila malami ne ko ɗan kasuwa, ba shi da ikon ɓoye abin da ke asusunsa. Matar aure da ke son ta nemi shawarar likita a kan abin da ya shafe ta ita kaɗai, sai wani ya karanta mata. Mu Hausawa kullum addu'armu Allah Ya rufa mana asiri. Ga shi sakacin layi ɗaya a rubutun manhaja yana tona asirin bawan Allah kowace rana, alhali gyaransa ba zai ci wa magini minti biyar ba.

Kada ku ɗauka mutanen nan 'yan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. A nan Arewa ba ma buƙatar a karanto mana alƙaluma. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Nijeriya, kuma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu, suna sana'a, suna tuƙa kekunansu. Akwai zabiya da hasken allo da ƙananan haruffa ke wahalar da su. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da hannu ɗaya, da wanda hannunsa ke karkarwa, ba ya iya saita yatsa a kan ɗan mitsitsin maɓalli. Duk wanda Allah Ya ba tsawon rai a cikinmu kuwa, ido da kunne za su rage masa.

Kurame kuma nasu ya sha bamban. Saƙon murya na WhatsApp ya zama rahama ga makafi da waɗanda ba su yi karatun boko ba, amma shi ɗin ne ya fitar da kurma daga hirar danginsa. A turo sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure da murya, kowa ya ji, shi sai daga baya. Kamfani ya ce duk mai ƙorafi ya kira lamba kaza, babu hanyar rubutu. A saki bidiyon faɗakarwa kan kwalara babu rubutu a ƙasansa, babu mai fassara a gefe. Ku sani kurame suna da harshensu cikakke. Maganar hannu ta Hausa daɗaɗɗiya ce a garin nan, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Wadda ake koyarwa a makarantu kuma tushenta daga ta Amurka yake. Ga da yawa daga cikin kurame rubutu harshe ne na biyu, saboda haka ku taƙaita jimla, ku sauƙaƙa kalma, inda hali ya yi ku sa bidiyon mai fassara. Makarantar kurame ta Tudun Maliki tana nan cikin gari, ku je ku gaishe su, ku koyi ko da gaisuwa ce da hannu.

Ba ku ne za ku ƙirƙiro ƙa'idojin aikin ba, an riga an shimfiɗa su. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da jagorar WCAG tun 1999, ta sabunta ta a 2008 da 2018 da 2023. Malamanku sun koya muku ita, ni tuni kawai nake yi. Bambancin launin rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, wanda zai amfani har mai lafiyar ido da ke duba waya a tsakar ranar bazara. Kowane hoto mai ma'ana a rubuta bayaninsa. Rubutu ya iya ninkuwa biyu ba tare da shafi ya wargaje ba. Duk abin da ake yi da linzamin kwamfuta ya yiwu da maɓallan rubutu kaɗai. Idan kun sa wa'adin lokaci, ku bar hanyar ƙara shi. Jarrabawar nan kuma ta tantance mutum da na'ura, wadda ake cewa a zaɓi hotunan da ke da mota, ku nema wa makaho wata hanyar. Duk da sauƙin waɗannan, cibiyar WebAIM ta Amurka da ke duba shafuka miliyan ɗaya mafi shahara kowace shekara tun 2019 tana tarar da kurakurai a fiye da kashi 90 cikin 100. Wato manyan kamfanonin duniya ma suna sakaci, don haka kada ku kwaikwayi shafi don kawai sunansa babba ne. Ku sa wannan a aiki tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane, kuma gyara bayan an gama ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Akwai wata al'ada tamu da nake so ku taimaka a kashe ta, wato a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a ɗauki hotonta a watsa. Ma'aikatu suna yi, makarantu suna yi, masu ɗaurin aure ma suna yi. A wurin makaho wannan hoto ne kawai, sai ya nemi wata manhajar ta ƙoƙarta tsinto haruffan, sau da yawa kuma ta kawo su a karkace. A riƙa haɗa hoton da rubutu na gaske.

Sai batun harshenmu. Muryoyin da ke zuwa a cikin yawancin wayoyi da harshen Turanci suke furta Hausa, haruffanmu masu lanƙwasa kuwa ko su tsallake su ko su yi tuntuɓe a kansu. Makaho Bahaushe yana saurare yana gyarawa a zuci. Mataki na farko a hannunku yake: duk shafin da kuka rubuta da Hausa ku shaida wa na'ura a cikin rubutunsa cewa Hausa ce. Na biyu, shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga kowa, ku ba da naku, ku ja mata da dattawa da masu karin harshen Sakkwato da Damagaram su ba da nasu. Na uku shi ne burina a kanku, cewa murya mai furta Hausa daidai, mai aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba, ta fito daga hannun ɗaya daga cikinku.

Ranka ya daɗe shugaban taro, wannan magana tana da gindi a doka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a 2006, sashe na 9 ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna musu wariya, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ina ganin lokaci ya yi da za a ɗauki shafin ma'aikata da manhajar banki a matsayin ginin jama'a, tunda can jama'ar suka koma. Ina roƙon gwamnati, duk kwangilar shafi ko manhaja da za ta bayar, ta rubuta wannan sharaɗi a ciki, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai masu nakasa sun gwada sun gamsu. A wasu ƙasashe an wuce matakin roƙo. A Amurka wani makaho, Guillermo Robles, ya maka kamfanin Domino's a kotu saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu da manhajarsu, a 2019 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da kamfanin ya ɗaukaka. A Tarayyar Turai, daga 28 ga Yunin 2025, doka ta hau kan bankuna da shagunan intanet. Duk wanda ke fatan samun aiki daga waje a cikinku, za a tambaye shi wannan ilimi.

Ga masu kamfanoni da ke zaune a gaba, ina da buƙata ɗaya. A cikin waɗanda ake yayewa yau akwai makafi, akwai kurame, akwai masu keke, kuma jarrabawa ɗaya suka ci da sauran. Mun san tarihin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, sahabi makaho wanda Suratu Abasa ta sauka a kan lamarinsa. Aiki aka ba shi: ya yi ladanci tare da Bilal, kuma an sha barin sa ya kula da Madina idan Annabi ya fita. Mu kuwa mun saba da miƙa sadaka mu wuce. Dokar 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ku ma babu abin da ya hana ku yin haka. Idan kuma za ku kira makaho ya gwada muku manhaja, ƙwarewa ce yake sayar muku, ku biya shi kamar yadda kuke biyan kowane gwani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da zai gano muku cikin awa ɗaya ba za ku gano shi da kanku a wata guda ba.

Ku kuma 'ya'yana, ga aikin gida na ƙarshe, ba mai maki ba. A cikin makon nan kowa ya ɗauko manhajar da ya kammala karatu da ita, ya kunna TalkBack, ya rufe allon, ya yi ƙoƙarin yin rajista daga farko har ƙarshe da kunne kawai. Sannan ya kashe sautin wayar gaba ɗaya ya sake bi. Sannan ya sa hannu ɗaya a aljihu ya ƙara bi. Duk inda ya maƙale ya gyara, bayan haka ya kai wa abokin karatunsa mai nakasa ya duba masa, domin rufe ido na minti goma bai kai sanin wanda ya rayu da abin ba.

Ina godiya ta musamman ga mai fassararmu da ta tsaya tun farkon taro. Allah Ya sa albarka a ilimin da kuka samu, Ya buɗa muku hanyoyin halal, Ya ja zamanin Sarki, Ya mai da kowa gidansa lafiya.