Bayan An Watse Daga Walimar Suna: Me Ya Rage Wa Uban Jariri?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa a wajen wata walimar suna a garin Gwarzo, wadda 'yan uwa daga Kabo, Getso da Garo suka halarta.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da alayensa.

Ni ba likita ba ne, ba kuma malami ba ne. An ce in yi magana ne saboda bara Allah ya ba ni 'ya, na kuma ga abin da na gani. Mu samari, da zarar an ce matarmu ta sauka, hankalinmu kaf sai ya koma kan rago da goro da atamfar mai jego. Ranar bakwai a yanka, a raɗa suna, a watse, sai mutum ya ɗauka ya sauke nauyi. Alhali kuwa a ranar ne aikin ya soma. Watan farko shi ne mafi haɗari a rayuwar yaro, kuma a watan ne uba ya fi nisa da shi, musamman in haihuwar fari ce, an tafi goyon ciki gidan surukai.

Sai kuma kunyar ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa, ba ka kiran sunansa, in an miƙo maka shi ka kau da kai. Kunya abu ce mai kyau, amma mu tuna Manzon Allah (S) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya yi taƙamar 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo bai kuwa yaba masa ba. To wace kunya ce za ta hana ka duba idon ɗanka?

Na ce ido ne da gangan. Kwana uku da haihuwar 'yata idonta ya yi ɗorawa. Manya suka ce shawara ce, a riƙa fito da ita hantsi, za ta wuce. Ni kuma nauyin surukai ya rufe mini baki har kwana biyu. Da muka je asibiti sai aka kwantar da ita ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, ma'aikaciyar ta ce da mun ƙara jinkiri abin na iya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko jikinsa ya shanye. A nan na fara jin cewa kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai yana tayar wa wasu yaran wannan ciwo. Kafur ɗin kuwa ni na sayo shi da kuɗina.

Maganar nono. Ruwan farko mai kauri, wato dakashi, wanda wasu ke matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne garkuwar farko ta jariri, a sa shi a nono cikin sa'ar farko. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko. Na san abin da za ku ce: a zafin bazarar Gwarzo? To shi nonon kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Ruwan randa in ya shiga cikin jariri gurbin nono yake cikewa, ga gudawa da yake jawowa. Zuma ma a dakata mata sai ya shekara. Jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, in yana fitsari kamar sau 6 to yana ƙoshi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a wuyan uba. Wanda ya ci bashi ya sayi rago mai ƙaho, sannan mai jego ta koma tuwo da miyar kuka lami, ya sake duba lissafinsa. Wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, ba su fi ƙarfinmu ba.

Cibiya kada a gasa ta da tsumma, kada a sa mata toka ko man goge baki. Akwai man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti, shi kaɗai ya isa. Cire beli kuma, ina girmama wanzamanmu, amma aska a maƙogwaron ɗan kwana uku zubar jini take jawowa da shigar ƙwayar cuta, kuma belin halitta ce, kowa da shi aka haife shi.

Rigakafi. Na san tarihin da ya sa mutanenmu ɗari-ɗari: gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ba a ce a manta ba. Amma mu kuma tuna mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, wanda akasarin yaran da ya kama ba a yi musu allura ba. Allurar da ke kare shi ita ce Penta, ana yi a sati 6, sati 10 da sati 14, bayan na ranar haihuwa, sai ta ƙyanda a wata 9. Kyauta ake yi, a babban asibitin Gwarzo ko ƙaramin asibitin da ke kusa da kai. Sau da yawa abin da ke hana uwa zuwa izininka ne da kuɗin mashin. Katin nan ka karɓa ka karanta da kanka, kai da ka yi sakandare.

Alamomin da ba a kwana da su: jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, jijjiga, cibiya na wari, ko maɗiga ta faɗa yana gudawa. Ita maɗigar da ta faɗa ruwan jiki ne ya ƙare, shafe-shafe ba ya ɗago ta. Ita ma mai jego a sa mata ido. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wajen masu jego a ƙasar Hausa. In ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce gajiyar wankan jego ce. Haka in ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ta daina sha'awar yaron, wannan ma ciwo ne mai magani.

Amma ba duka ne tsoro ba, 'yan uwa. Jariri yana gani tun ranar farko, sai dai abin da ke kusa, kamar tazarar ƙirjin uwa zuwa fuskarta, kuma yana gane muryar da ya saba ji. Wajen sati 6 zuwa wata 2 yake fara murmushin gaske. A wata 3 zuwa 4 wuya ya tsaya, wajen wata 6 ya fara zama. Kukan yamma da ke hana ku barci yakan kai ƙarshen tsananinsa wajen sati 6 sannan ya fara sauƙi. Komai ɓacin rai kada a girgiza shi. In uwar ta gaji, karɓe shi ka kwantar a ƙirjinka, ka yi tilawarka a hankali, ita ta ɗan runtsa. Tawa 'yar haka take barci har yau, kodayake kakarta na cewa na lalata ta.

Na ga an fara shigo da abinci, bari in tsaya nan. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya.